RA'AYINMU: GWANI, KO WANDA YA DACE?

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakunan ɗalibai a ƙarshen watan Yuni ya san akwai wani dare da waɗansu 'yan'uwanmu ba su runtsawa. Misalin ƙarfe ɗaya na dare, lokacin da Gusau ta yi tsit in ban da haushin karnuka da usur ɗin 'yan sintiri, sai ka tarar da samari bakwai ko takwas sun yi cincirindo a kan wayar mutum ɗaya, suna kallon wani taro da ake yi a birnin New York. Ba wasa ake bugawa a taron ba, sunaye kawai ake kira. Amma gardamar da kiran sunayen nan kan haifar takan bi su har masallaci da asuba, ta bi su ɗakin cin abinci, wani lokaci ma ta kai mako guda ba ta mutu ba. Mun ga ya kamata mu sa baki a cikinta, domin a ganinmu ta fi ƙarfin hirar dare.

Ga mai karatun da bai san sha'anin ba, ga yadda abin yake. Babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, watau NBA, tana da ƙungiyoyi 30. Ba a barin kowace ƙungiya ta shiga kasuwa ta sayi sabon yaron da ta ga dama, kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa na Turai inda mai kuɗi kan kwashe tsaba ya bar wa talaka dusa. Sau ɗaya a shekara akan jera sababbin samari waɗanda suka kai shekara 19, daga jami'o'in Amurka da kuma ƙasashen waje, kana kowace ƙungiya ta ɗauki nata bi da bi, zagaye biyu, wajen mutum 60 ke nan. Ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ne a kan gaba, ko da yake tun daga 1985 ƙuri'a akan jefa tsakaninsu, saboda an zargi waɗansu da faɗuwa da gangan don su sami zaɓen farko. Wannan shi ne abin da samarinmu ke kira diraf.

Masu gardamar sun kasu gida biyu. Gida na farko sun ce ƙungiya ta dubi abin da ta rasa, ta ɗauki wanda zai toshe mata wannan kafa. Wani ɗalibi daga wajen Bungudu ya kawo misalin da ya sa aka yi masa tafi: manomin da sansa ɗaya ya mutu ana gab da huɗa ba ya zuwa kasuwa ya sayo doki don dokin ya fi kyawun gani, abokin karkiya yake nema, wanda tsayinsa da tafiyarsa suka zo daidai da na san da ya rage. Gida na biyu kuwa sun ce a ɗauki wanda ya fi kowa baiwa, ko da ana da irinsa goma. Su ma ba su rasa misali ba, suka ce wanda aka aika sayen gishiri, in ya yi tuntuɓe da zinariya a hanya, ba ya tsallake ta don wai ba ita aka aike shi ba.

Mu dai muna tare da gida na biyu, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Kafin mu zo gare shi, bari mu waiwayi shekarar 1984, wadda duk mai wannan gardama tilas ya bi ta kanta. A shekarar nan ƙungiyar Houston ce ke da zaɓen farko, bayan an jefa kwabo sama tsakaninta da Portland ta yi nasara. Ta ɗauki Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. Portland ta zo ta biyu. Ga Michael Jordan a gabanta, amma sai manyanta suka duba suka ga sun riga sun ɗauki Clyde Drexler a 1983, wanda wurin wasansa ɗaya da na Jordan, abin da suka rasa shi ne dogon da zai tsare musu gindin kwando. Saboda haka suka ɗauki Sam Bowie, mai tsawon ƙafa 7 da inci 1, alhali kuwa sun san ciwon ƙashin ƙauri ya riga ya hana shi wasa kaka biyu cur a jami'a. Watau sun sayo abokin karkiya. Chicago ta zo ta uku ta ɗauki Jordan, ya ciwo mata kofi shida. Bowie kuwa, bawan Allah, karaya ta yi ta bin ƙafafunsa.

Abin da mutane kan manta shi ne, Houston ma tana da hujjar da za ta yi irin kuskuren Portland. Shekara guda kafin nan ta ɗauki Ralph Sampson, wani zanƙalele mai ƙafa 7 da inci 4, wanda wurinsa ɗaya da na Olajuwon. Da masu lissafin dacewa aka bi, da an ce tuwo biyu ba ya shiga malmala ɗaya. Houston ba ta saurare su ba. Ta ɗauki gwanin, sannan ta zauna ta sake tsarin wasanta yadda dogayen biyu za su tsaya tare, a 1986 suka kai wasan ƙarshe. Ba a daɗe ba ciwon gwiwa ya durƙusar da Sampson, aka sallama shi ga wata ƙungiya, Olajuwon ya zama ginshiƙin gida har ya ɗauki kofi a 1994 da 1995. Abin dariya ma, kofi na biyun tare da Drexler ya ɗauke shi, wanda saboda shi aka ƙi Jordan. Ashe kafar da ƙungiya ke gani a jikinta yau, bayan shekara uku ta koma wani wuri. Ciwo, tsufa da ciniki kan sauya ƙungiya kakaf, ita kuwa baiwa tana nan inda Allah Ya ajiye ta.

Amma fa kada a ɗauka da muka ce gwani muna nufin dogo. Wannan ruɗu ya ci manyan da suka fi mu sanin wasan. A 1998 ƙungiyar Clippers ta yi zaɓen farko da Michael Olowokandi, shi ma haifaffen Legas, mai ƙafa 7, wanda bai daɗe da fara wasan ba, da fatan ta tsinci Olajuwon na biyu. Ta bar Vince Carter, ta bar Dirk Nowitzki, ta bar Paul Pierce, waɗanda duk suka zama zakaru, shi kuwa bai taɓa kusantar abin da aka zata ba. Muna faɗin wannan ne saboda ɗabi'armu ta ganin kowane dogon yaro a kasuwa mu ce ga ɗan ƙwallon kwando. Tsawo jari ne, babu shakka, amma in babu saurin ƙafa, da taushin hannu, da idon da ke hango abokin wasa, da zuciyar da ke jure horo, to dogon nan gara ya je ya taimaka wajen ɗaura rufin ɗaki.

Yanzu ga sharaɗin. 'Yan gida na farko suna da wata hujja da ba mu iya turewa. A 2003 Detroit ta yi zaɓe na biyu da Darko Milicic, ɗan ƙasar Sabiya mai shekara 18, ta bar Carmelo Anthony da Dwyane Wade. Detroit a lokacin cike take da ƙwararru masu neman kofi, har ta ɗauke shi a 2004, saboda haka babu mai lokacin koya wa yaro, babu mai haƙurin kurakuransa. Ya shafe shekarun da ya kamata ya yi girma a cikinsu yana ɗumama benci. Ko da baiwar tasa ta kai yadda aka zata ko ba ta kai ba, wurin da ya faɗa bai ba shi damar nunawa ba. Sai a gwada shi da Giannis Antetokounmpo, ɗan 'yan Nijeriya da suka yi ƙaura zuwa Girka, wanda Milwaukee ta ɗauka a lamba 15 a 2013, siriri kamar sillen kara, daga ƙaramar gasar Girka. A kakarsa ta farko bai kai maki 7 a kowane wasa ba. Ba a kore shi ba, ba a ɓoye shi ba. Aka ciyar da shi, aka horar da shi, aka damƙa masa ƙwallo aka ce ya yi kuskurensa a fili. A 2019 da 2020 shi aka zaɓa gwarzon gasar, a 2021 ya kawo kofi. Haka Pascal Siakam na Kamaru, wanda bai kama wasan sosai ba sai da ya kusa shekara 17. Toronto ta ɗauke shi a lamba 27 a 2016, ta tura shi ƙaramar ƙungiyarta ya goge, bayan shekara uku yana cikin waɗanda suka ɗauki kofi.

Abin da muka fahimta daga waɗannan labarai shi ne, dacewa ba a jikin yaro take ba kamar tsawo, da za a auna ta da tef ranar zaɓe. Aiki ce da ƙungiya kan yi bayan zaɓe, da koci, da fili, da lokaci, da haƙuri. Ƙungiyar da ta ce yaro bai dace da ita ba, sau da yawa lalacinta take sakayawa.

To, 'yan'uwa ɗalibai, in har wannan magana gaskiya ce a Milwaukee, gaskiya ce a Tsafe, kuma a nan ne gardamar ta daina zama ta nishaɗi. Da yawa daga cikin masu ambaton Olajuwon da tsakar dare ba su san cewa ƙasarmu tana da hannu a labarinsa ba. Gola ne a ƙwallon ƙafa, kuma ɗan ƙwallon hannu. Kamar yadda tarihinsa ya nuna, yana ɗan shekara 15, watau wajen 1978, makarantarsa ta Legas ta zo bikin wasannin kwalejojin malamai a Sakkwato, a nan aka roƙi kocin ƙwallon kwando ya jarraba dogon yaron nan na ƙwallon hannu. A wancan zamani Gusau da Tsafe da Bungudu duk a cikin Jihar Sakkwato suke, don sai ranar 1 ga Oktoba 1996 aka yanke Zamfara. Ashe a babban birnin jiharmu na lokacin aka fara ganin hasken mutumin da, bayan shekara shida, aka kira sunansa kafin na kowa a duniya. Abin da ya fito da shi bai wuce abu uku ba: an shirya gasa, an ba makarantu mota sun zo, an kuma sami babban da ya yarda ya gwada yaro a wurin da ba nasa ba. Wanne daga cikin ukun nan ya fi ƙarfinmu?

In an ce Legas ta yi nisa, ga Zariya, wadda motar da ta tashi daga tashar Gusau kan bi ta Tsafe da Funtuwa ta isa kafin azahar. A can Masai Ujiri ya tashi, a filayen siminti na sararin Allah ya koyi wasan, ƙarƙashin Oliver Johnson, Ba'amurken da ya shafe shekaru masu yawa yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello. Ujiri bai zama shahararren ɗan wasa ba. Ya fara da yi wa wata ƙungiya cigiyar 'yan wasa ba tare da albashi ba, ya hau har ya shugabanci Toronto daga 2013 zuwa 2025, kuma a ƙarƙashinsa aka ɗauki Siakam ɗin da muka ambata. Watau wanda ya iya amsa tambayar da muke gardama a kai, har ya ci kofi da amsarsa a 2019, yaron Zariya ne. Ga kuma Kano Pillars, wadda ta zo ta uku a gasar ƙungiyoyin Afirka a 2016. Zariya da Kano ba su fi mu dogaye ba. Koci ɗaya da ya zauna wuri ɗaya shekara da shekaru, shi ne bambancin.

Mu kuwa fa? Mu leƙa filin da ke bayan ɗakunanmu. Zobe ɗaya ya karye tun ba mu zo ba, ɗayan ya sunkuya kamar mai gaisuwa, siminti ya tsattsage ciyawa ta fito, allon ya zama wurin liƙa takardun masu neman ƙuri'a. Amfanin da aka fi yi da filin shi ne shanya. A kan wannan fili ne masu sanin tsawon hannun kowane yaron Amurka kan wuce kullum ba su ko waiwaya. Ba mu tsame kanmu ba, mu ma ta nan muke bi. Kuma kowace shekara ana karɓar kuɗin wasanni a hannunmu, kowace shekara bikin rantsar da shugabanni da buga riguna kan lashe abin da ya lashe, a ce saura ba ya isa.

Ba muna cewa za a fitar da ɗan NBA daga Kwatarkwashi baɗi ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mutum 60 ake ɗauka a shekara daga duniya duka, kuma ko an ɗauke ka ba a gama ba. Ejike Ugboaja, wanda Cleveland ta zaɓa a lamba 55 a 2006 kai tsaye daga ƙungiyar Union Bank ta Legas, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a gasar ba. Duk wanda ya zo wa iyaye da alkawarin kai ɗansu Amurka in sun sayar da gona, a rufe masa ƙofa, jaridun can sun sha ba da labarin yaran Afirka da dillalai suka kai suka yasar. Amma tsakanin shanya da NBA akwai matakai masu yawa da ɗan Zamfara zai iya takawa. Akwai gasar Milo ta makarantun sakandare da ake yi tun 1999. Akwai wasannin jami'o'i na NUGA. Akwai gasar ƙasa, inda har hukumomi irin su Kwastan ke da ƙungiya, yaro ya sami wasa ya sami abin yi. Akwai gasar BAL ta Afirka da aka buɗe a Kigali a 2021. Akwai makarantar horon da NBA ta kafa a Senegal, wadda ta fitar da Ulrich Chomche na Kamaru, da aka zaɓa a lamba 57 a 2024, da Khaman Maluach na Sudan ta Kudu, da aka zaɓa a lamba 10 a 2025. Shi Maluach yaƙi ne ya kori iyalinsa zuwa Uganda, saboda haka kada wani ya ce mana rashin zaman lafiya kaɗai ya isa uzuri.

Ba mu raina rashin zaman lafiyar ba. Mun ga yadda aka rufe makarantun jihar nan a watan Satumba na 2021, mun kuma san yadda gaban uwa kan faɗi in an ce ɗanta zai hau hanyar Tsafe. Don haka abin da muke nema ƙarami ne, na rana tsaka. Makarantun kowane gari su fara karawa a tsakaninsu a cikin gari, zakarun Tsafe da na Bungudu su shigo Gusau sau ɗaya a zango, a fara da hantsi, a sallami kowa kafin la'asar. Filin wasan mita 28 ne a tsaye, 15 a kwance, bai kai rubu'in filin ƙwallon ƙafa ba, ana iya kewaye shi a cikin katangar makaranta. Zoben faɗinsa santimita 45 ne, ana kafa shi mita 3.05 daga ƙasa, kowane mai walda a Gusau zai ƙera shi a yini ɗaya.

Kada kuma a bar 'yan mata a baya, domin a wasan nan matan Nijeriya sun fi mazanta abin nunawa. Sun ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, a 2024 kuma suka kai zagayen 'yan takwas a wasannin Olamfik na Faris, abin da babu wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa yi. Tun 2017 hukumar wasan ta duniya ta halatta wasa da ɗankwali ko hijabi. Fili a cikin makarantar mata, da malama mace, da suturar da iyaye suka yarda da ita, ba mu ga abin da ya saura na ƙi ba.

Sai ku, yayyenmu da kuka riga mu fita, kuka kama aiki a ma'aikatun ilimi da na matasa da wasanni. Ku ne za ku riƙe alƙalamin rubuta sunayen da za a tura wasannin matasa na ƙasa, watau ku ma kuna da naku diraf. Mun san yadda akan yi. Akan ɗebo ƙatti masu gemu a aske su a rage musu shekaru, ko a yi hayar 'yan wata jiha, ko a cusa ɗan wane don ya sami kuɗin guzuri, duk da sunan neman waɗanda suka dace da buƙatar bana. Irin cinikin Portland ke nan, har ya fi shi muni, don su dai ba su yi ƙarya ba. Yaro ɗan shekara 14 na gaskiya, wanda zai sha kashi bana da baɗi, shi ne abin ɗauka, in dai za a riƙe shi. 'Yan dambe sun fi mu gane wannan. Kudu da Arewa da Guramada kowa ya san yaransa tun suna 'yan share fage, ya san wanda za a haɗa da wa, ba a jefa sabon hannu gaban wanda zai kashe masa zuciya tun ran farko. Ba su da ofis, ba su da fayil, amma ba su ɓatar da yaro.

Fayil ɗin ma shi ne abu na farko da za mu iya bayarwa, tun da ba ya cin kuɗi. 'Yan'uwanmu masu fita koyarwar gwaji, da masu yi wa ƙasa hidima da aka tura makarantun garuruwan nan uku, kowa ya tafi da tef irin na tela da littafi guda. A rubuta sunan yaro, da shekarunsa na gaskiya, da tsawonsa, da faɗin hannuwansa in ya miƙe su, da tsayin tsallensa, a sake aunawa bayan wata shida. Wanda ya iya haddace awon samarin Amurka sittin a dare ɗaya ba zai kasa rubuta na 'yan aji uku na makaranta guda ba.

Muna kira ga daraktan wasanni na ƙungiyar ɗalibai da ya zo zaman majalisar wakilai mai zuwa da takarda a hannu, mai ɗauke da kuɗin zobe biyu, da allo biyu, da buhunan simintin da za su toshe tsagar filin, da ƙwallo shida, tare da bayanin abin da aka karɓa da sunan wasanni a bana da inda ya shiga. Mun keɓe shafi guda a fitowa ta gaba domin buga takardar kamar yadda ya kawo ta. In bai kawo ba, za mu buga shafin da sunan ofishinsa a sama, sauran fari fat.